ZAUREN IYALI: Ziyarar Ɗakin Ibadar Maƙwabci, Ina Iyakarta?

  

Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa tana cikin waɗanda kan jawo ja-in-ja tsakanin maigida da uwargida. Yaro ya dawo daga lakwal da takarda a hannu, malaminsu na tarihi yana neman izinin iyaye domin ya kai ƴan aji su ga babban masallacin gari, daga nan kuma su leƙa coci. Ko maƙwabci Kirista, wanda aka yi shekara ashirin ana aika masa naman layya yana aiko da shinkafar Kirsimeti, ya kawo goron gayyata na auren ɗiyarsa a majami'arsu. Ko kuwa ɗalibinmu da ke karatu a Tunis ko Akara ko Faris ya bugo waya, yana tambaya ko ya halatta ya bi abokansa su shiga wani tsohon coci ko wurin ibadar Yahudawa. Wani uban zai ce sam, ba da ɗansa ba. Wani kuma zai sa hannu a takardar bai ko karanta ba. A ganinmu dukansu biyu sun yi garaje, domin wannan ziyara tana da asali a addini, tana da amfani, tana kuma da iyaka, kuma haƙƙin yaro ne a kan mahaifansa su san haka kafin su ce i ko a'a.

Abin da rashin sani ya jawo mana

Kafin mu buɗe littafi, bari mu tuna abin da ya faru a ƙasar nan. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga masallaci, tarzoma ta ɓarke a Damagaram, washegari Asabar ta kama Yamai. Musabbabin fushin kowa ya san shi: jaridar nan ta Faransa mai suna Charlie Hebdo ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), kuma babu Musulmin da zuciyarsa ba ta yi ƙuna ba. To amma a kan wa fushin ya sauka? Cikin kwana biyu mutum 10 suka rasa rayukansu, kuma ƴan sanda sun ƙidaya coci 45 da aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai, har da wata makarantar Kirista da wani gidan marayu. Waɗanda aka ƙona wa ɗakunan ibada ba su da hannu a zanen, ba su ma san mai zanen ba. Ƴan ƙasa ne da baƙin maƙwabta daga Benin da Togo da Burkina, waɗanda muke gogayya da su kullum a asibiti da tasha da kasuwa. Ita kuwa jaridar ba ta coci ba ce. Ta daɗe tana yi wa Annabi Isa (AS) da Nana Maryamu da Fafaroma irin wannan izgili, har wasu ƙungiyoyin Kirista sun sha kai ta kotu.

Mafi yawan waɗanda suka ɗauki fetur da ashana a ranakun nan matasa ne, ƴaƴanmu ne da ƙannenmu. A tunanin da yawa daga cikinsu, Bature da Kirista da gwamnatin Faransa duk abu guda ne. Harshenmu ma ya taimaka wajen ruɗanin, domin kalmar Nasara, wadda a Larabci mabiya Annabi Isa take nufi, mun mayar da ita sunan duk wani farar fata ɗan Turai. A Nijar Kiristoci ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, saboda haka yaro yana iya girma har ya yi gemu bai taɓa zama da ɗaya daga cikinsu sun yi hira ba, duk abin da ya sani game da su ji ya yi a bakin mai shayi. Alhamdu lillahi, a cikin wannan tarzoma an samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu har ƙura ta lafa. Waɗannan sun san maƙwabtan da sunayensu da sunayen ƴaƴansu. Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin duhu ne ake sukar ɗan'uwa ana zaton kura ce.

Sawun magabata

Alƙur'ani mai girma bai bar mu cikin jahilcin wuraren ibadar wasu ba. A aya ta 40 ta Suratul Hajji, Allah Maɗaukakin Sarki Ya jero gidajen ruhbanawa da coci-coci da wuraren ibadar Yahudawa tare da masallatai, a matsayin wuraren da da an rurrushe su in ba don Yana kare wasu mutane da wasu ba. A aya ta 108 ta Suratul An'am Ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. A aya ta 46 ta Suratul Ankabut Ya yi umurni da a yi muhawara da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau. Wanda bai san abin da mutum ya yi imani da shi ba, ta ina zai san hanya mafi kyau ta yi masa magana?

A tarihin Manzon Allah (SAW) ma akwai abin lura. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha a shekara ta 615 sun zauna shekaru a ƙasar Kirista ƙarƙashin sarki Najjashi, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ummu Salama da Ummu Habiba, Allah Ya ƙara musu yarda, sun ba Annabi labarin wani coci da suka gani a can da hotunan da ke cikinsa. Abin da ya yi da labarin shi ne ya ciro darasi daga gare shi, ya gargaɗi al'ummarsa game da gina wurin ibada a kan kabarin salihai. A Madina kuma ya taɓa zuwa gidan karatun Yahudawa ya yi musu magana a can, ya je duba wani yaro Bayahude mai yi masa hidima da ya kwanta ciwo, ya kuma miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude. Wajen shekara ta 631 tawagar Kiristocin Najran, mutum 60, ta zo Madina, ya karɓe su a cikin masallacinsa aka yi muhawara a kan Annabi Isa (AS). Ibnu Ishaƙ ya ƙara da cewa da lokacin ibadarsu ya yi sun fuskanci gabas sun yi ta a nan, ko da yake wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ƙari.

Labarin da ya fi dacewa iyaye su riƙe shi ne na Sayyidina Umar (RA) a Ƙudus, wajen shekara ta 638. Marubuta tarihi, har da Ibnu Khaldun, sun kawo cewa babban limamin Kiristocin birnin ya zagaya da shi cocin Ƙiyama, wanda babu wurin da ya fi shi daraja a wurinsu. Da lokacin salla ya yi aka ce ya yi a ciki, sai ya ƙi, ya fita waje ya yi, don gudun kada Musulmin da za su zo bayansa su ce nan Umar ya yi salla, su ƙwace wurin. Ya shiga, ya gani, bai haɗa ibadarsa da tasu ba, kuma ya kare musu haƙƙinsu. Yau akwai masallaci mai sunansa daura da cocin, kuma mabuɗin ƙofar cocin yana hannun wasu iyalai biyu na Musulmi, gidan Juda da gidan Nusaiba, ɗaya na ajiye shi ɗaya na buɗewa, tsarin da ya yi ƙarnoni yana gudana.

Matafiya da malaman Musulunci sun bi wannan sawu. Ibnu Jubair, Ba'andaluse, a hanyarsa ta komawa daga Hajji ya sauka tsibirin Sisili a 1184, ya ga wani coci a birnin Falarmo ranar Kirsimeti, ya siffanta bangayensa masu ruwan zinari da gilasansa masu ɗaukar ido, ya yaba gwanintar maginan, sannan ya nemi tsarin Allah daga fitinar ƙawarsa. Shi kuwa Ibnu Battuta, wanda a 1353 ya ratso Takadda a yankinmu na Agadas, ya je Kustantiniyya, wato Istambul ta yau, wajen 1332, lokacin tana hannun sarakunan Kirista. Ya so ya ga cikin babban cocinta Aya Sofiya, amma da ya ji cewa masu tsaron ƙofa ba su barin kowa ya shiga sai ya yi sujada ga gicciye, sai ya tsaya a waje, ya rubuta abin da ya gani daga waje. A nan ne iyakar take, kuma ya gane ta. Albiruni kuwa ya koyi harshen Sanskirit don ya karanta littattafan Hindu da kansa, wajen 1030 ya kammala littafinsa a kan ƙasar Indiya, inda ya ɗauki alkawarin kawo aƙidarsu kamar yadda su suke faɗinta. Babu ɗaya cikin waɗannan bayin Allah da ya dawo gida da raunin imani.

Me malaman fiƙihu suka ce?

Wajibi ne mu faɗi gaskiya cewa malamai sun yi saɓani. Hanafawa sun karhanta wa Musulmi shiga coci. Hambalawa sun halatta, wasunsu suka karhanta in akwai hotuna da mutum-mutumi. Imamu Bukhari ya ƙulla babi a kan salla a cikin coci, inda ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ƙi shiga wasu coci-coci saboda hotunan da ke ciki, shi kuwa Ibnu Abbas yakan yi salla a cocin da babu mutum-mutumi. Ibnu Ƙudama a cikin Almugni ya kawo cewa Kiristocin Sham sun shirya wa Umar abinci a coci, bai je ba, amma ya tura Sayyidina Ali tare da jama'a suka shiga suka ci. A mazhabarmu ta Malikiyya, duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure zai tuna cewa coci yana cikin wuraren da aka hana yin salla, tare da juji da mahauta da tsakiyar hanya.

Abin da za mu fahimta a nan shi ne malamai sun bambanta abubuwa guda uku waɗanda mu muke cakuɗawa. Akwai shiga don wata buƙata, kamar neman sani ko sulhu ko fakewa, kuma a nan ne aka yi saɓani. Akwai yin sallarmu a ciki, wanda mu Malikawa muke nisanta. Akwai kuma tarayya da su a cikin ibadarsu, wanda babu malamin da ya halatta. Uban da ya zaɓi tsantseni ya hana ɗansa shiga yana da magabata, kada a zarge shi, amma nauyin sanar da yaron su wane ne maƙwabtansa bai faɗi daga wuyansa ba. Wanda ya bari a je, shi ma yana da magabata, da sharaɗin ya kiyaye iyaka.

A Afrilun 2019 babban limamin ƙasar Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, lokacin yana cika shekara 100 da haihuwa, ya kai ziyara wani cocin Katolika a Akara ranar bikin Ista. Hotonsa da rawani a zaune cikin coci ya zagaya duniya, wasu suka yaba, wasu suka yi suka, mai magana da yawunsa ya bayyana cewa zumunci ya kai shi, ibada ba ta kai shi ba. Dattijon da ya shekara da shekaru yana karantar da tauhidi babu mai tsoron ya ruɗe. Yaro ɗan shekara 12 kuwa lamarinsa daban ne, shi ya sa muke son iyaye su san abin da zai tarar.

Me yaro zai gani?

In cocin Katolika ne, kamar babban cocin Yamai ko na Maraɗi, daga bakin ƙofa zai ga ɗan kwano da ruwa wanda mabiya ke taɓawa su yi alamar gicciye. A gaba akwai bagade, wato teburin da fada ke tsayawa, da gicciye mai siffar mutum a kansa, da mutum-mutumin Nana Maryamu a gefe. A jikin bango akwai hotuna 14 masu ba da labarin abin da suka yi imani ya faru ranar da suke cewa an gicciye Almasihu. Akwai kuma ƴar fitila mai ci dare da rana kusa da akwatin da suke ajiye gurasar da suka tsarkake. In kuwa majami'ar ƴan bishara ce, irin waɗanda suka samo asali daga mishan ɗin da ya gina asibitin Galmi a 1950, zai ga ɗaki ne kusan fili: bencina, da mumbarin fasto, da ganguna, wataƙila da gicciye marar siffar kowa. Su waɗannan ba su yarda da mutum-mutumi ba, kuma rabuwarsu da Katolika ta faro ne a Jamus tun 1517. Ko wannan kaɗai ya isa ya nuna wa yaro cewa Kiristoci ba tafiyarsu ɗaya ba, kamar yadda bai kamata wani ya ɗora wa duk Musulmi laifin wata ƙungiya ba.

Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne harshe. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa tun 1932, saboda haka zai ji suna cewa Allah, da Ubangiji, da addu'a, da azumi, zai ji sunayen Ibrahim da Musa da Dawuda. A nan ne ake buƙatar uba ko uwa a kusa, su fahimtar da shi cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar aƙida biyu. Su suna cewa Allah ɗaya suke bauta wa, amma cikin uku: Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma sun yi imani an gicciye Yesu ya tashi don ceton mutane. Mu kuwa Suratul Ikhlas ta kore wa Allah haihuwa da kini, kuma ayoyi na 157 da 171 na Suratun Nisa'i sun tabbatar mana cewa Isa ɗan Maryamu manzon Allah ne, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Adalci shi ne yaro ya iya faɗin abin da suka yi imani da shi daidai yadda suke faɗa, babu ƙari babu ƙage, sannan ya iya faɗin dalilin da ya sa shi bai yarda da shi ba.

Ɗalibanmu da ke ƙasashen waje za su ci karo da wasu wuraren. A wurin ibadar Yahudawa, kamar tsohon nan na tsibirin Jarba a Tunisiya, maza na rufe kai, kuma ana ajiye naɗaɗɗiyar Attaura rubutun hannu a cikin wani akwati a bangon da ke fuskantar Ƙudus. A cocin Habasha ana cire takalmi, maza gefe mata gefe. Kowane wuri da ladabinsa, kuma matambayi ba ya ɓata.

Tsoron iyaye, da ladubban ziyara

Ba mu raina tsoron iyaye ba. Salmanul Farisi (RA) da kansa ya ba da labarin cewa yana saurayi mai hidimar wutar Majusawa, mahaifinsa ya aike shi gona, ya bi ta gefen wani coci ya ji sautin ibada, ya shiga, daga ranar bai sake natsuwa da addinin gidansu ba, har doguwar tafiyarsa ta ƙare a gaban Manzon Allah (SAW) a Madina. Ɗakin ibada yana da tasiri a zuciya, musamman zuciyar da take neman abin riƙo. Amma mu lura, mahaifin Salmanu kulle shi ya yi a gida don tsananin so, kuma kullen bai hana komai ba. A zamanin da wa'azin kowane addini ke shigowa ɗakin kwanan yaro ta wayar salula, katanga ba ta tsare imani. Ilimi ne ke tsare shi. Saboda haka ga abin da muke ba da shawara.

Na farko, a fara da gida. Yaron da bai san ma'anar Ƙulhuwallahu ba, bai san siffofin Allah da rukunan imani ba, bai isa wannan ziyara ba tukuna. A bari sai ya yi hankali, ya sami gindin zama a Islamiyya.

Na biyu, a nemi izinin masu wurin, a kuma zaɓi lokacin da ba su ibada. Safiyar Lahadi lokacin salla ne a wurinsu, masu kallo ba su da wuri a ciki, kamar yadda mu ma ba za mu so ƴan kallo su tsaya a kanmu ana tsakiyar huɗuba ba. Wata rana cikin mako, fada ko fasto zai sami sukunin amsa tambaya.

Na uku, babba mai sani ya raka su. In makaranta ce ta shirya, uba ya tambayi malami: me za a gani, wa zai yi bayani, awa nawa za a yi? In da hali wani cikin iyaye ya bi su.

Na huɗu, a ja wa yaro kunne tun daga gida cewa shi baƙo ne mai kallo. Ba ya durƙusa wa komai, ba ya taɓa ruwan bakin ƙofa, ba ya yin alamar gicciye, ba ya bin waƙa, ba ya karɓar gurasa ko ruwan inabi, waɗanda su kansu Katolika ba su ba wanda ba nasu ba. In aka nemi ya yi wani abu cikin waɗannan, ya ba da haƙuri cikin ladabi ya koma waje, kamar yadda Ibnu Battuta ya yi. A tsara tafiyar yadda lokacin salla ba zai riske su a ciki ba.

Na biyar, babu dariya, babu zunɗe, babu taɓa kayan mutane, babu ɗaukar hoto sai da izini, balle a watsa shi da kalaman izgili. Tambaya ta zama ta neman sani. Wanda ya buɗe maka ƙofarsa bai cancanci ka zo masa da gardama ba, muhawara tana da nata zaure da nata malamai.

Na shida, kuma shi ne mafi muhimmanci, a zauna da yaro da daddare bayan an ci tuwo a tambaye shi: me ka gani, me ya burge ka, me ya ɗaure maka kai? Kada a tsawata masa in ya ce waƙarsu ta yi daɗi ko wurin yana da tsabta. In ya yi tambayar da ta fi ƙarfin iyaye, a tafi da shi wurin malam. Tambayar da aka danne a gida, waje za ta nemi amsa.

Game da gayyatar aure ko rasuwa, da yawa daga cikin mutanenmu sukan je gida su yi barka ko gaisuwa, su kai gudummawa, su bar sashen ibada ga masu shi, kuma maƙwabci mai hankali yakan fahimta in an yi masa bayani da fuska a sake. Sannan mu ji tsoron Allah mu daidaita ma'auni: akwai gidajen da za a yi rantsuwa yaro ba zai taka ƙofar coci ba, amma a ɗauke shi da dare a kai shi wurin boka ko ƴan bori neman sa'ar jarrabawa. Wanda ya je coci kallo ya dawo da tauhidinsa. Wanda ya je wurin boka da buƙata kuwa, hadisin Muslim ya yi masa gargaɗin rashin karɓar sallar kwana 40.

In su ne suka zo mana

Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ka ziyarta wata rana zai so ya rama. Malikawa sun tsananta game da shigar wanda ba Musulmi ba cikin masallaci sai da lalura, shi ya sa a Maroko ba a barin su shiga masallatai sai ƴan kaɗan, kamar masallacin Hasan na Biyu da aka buɗe a Kasablanka a 1993. Wasu malaman sun sauƙaƙa in ban da Masallacin Harami, suna kafa hujja da Sumama ɗan Usal, wanda ya kwana uku a ɗaure a ginshiƙin masallacin Annabi yana kallon Musulmi, da aka sake shi ya je ya yi wanka ya dawo ya musulunta. Jubairu ɗan Muɗ'im ma yana mushriki ya ji Annabi na karanta Suratuɗ Ɗur a sallar magariba, kuma ya ce a ranar ne imani ya fara shiga zuciyarsa. A kan wannan fahimta ne Musulmin Jamus suke buɗe masallatansu ga baƙi kowace ranar 3 ga Oktoba tun 1997, na Faransa ma suka yi irin haka a Janairun 2016, suka tarbi maƙwabta da shayi. A 2001 Fafaroma Yahaya Bulus na Biyu ya shiga masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, shi ne Fafaroma na farko da ya taka cikin masallaci.

Hukuncin wannan yana hannun liman da kwamitin masallaci. Ko a harabar waje aka tsaya, akwai abin nunawa: yadda ake alwala, me ya sa muke fuskantar alƙibla, me ya sa attajiri da almajiri ke haɗa kafaɗa a sahu ɗaya. Muna da abin alfahari kuma, daga hasumiyar ƙasa ta masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda asalinta ke komawa 1515, zuwa masallacin Yama a jihar Tawa, ginin Falke Barmu, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Sai dai mu tambayi kanmu, in baƙo ya zo yau, a wane hali zai tarar da wurin alwalarmu da makewayinmu? Shi ma wa'azi ne, tun kafin liman ya buɗe baki.

Ranar wuya

Amfanin sanin juna ba ya bayyana sosai sai ranar da gari ya rikice. A Disambar 2013, da yaƙi ya ci Bangi ta Afirka ta Tsakiya, shugaban limaman ƙasar, Imam Umar Kobine Layama, a gidan babban limamin Katolika Nzapalainga ya sami mafaka na tsawon watanni, domin sun san juna tun kafin fitina. A Mayun 2017 Musulmi wajen 2,000 sun fake a harabar cocin Katolika a garin Bangasu. A maƙwabciyarmu Nijeriya kuma, ranar 23 ga Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na wani ƙauye a yankin Barikin Ladi ta jihar Filato ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kirista, mata a gidansa maza a masallaci, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan har suka juya. Mai gudun ceton rai ƙofar da ya sani yake nufa, kuma mai ƙofa fuskar da ya sani yake saurin buɗe wa.

Saboda haka, ya ku iyaye, in takardar nan ta makaranta ta zo, kada a yage ta, kada kuma a sa mata hannu ido rufe. A zauna a karanta, a tambayi malam, a shirya yaro, a raka shi in da hali. Burinmu shi ne mu tashi ƴaƴan da za su iya tsayawa a tsakiyar ɗakin ibadar wani da ladabi, su fito da kalmar shahadarsu daram, kuma in wata rana wani ya miƙo musu ashana, su ce sun san masu wurin nan.

Allah Ya tabbatar da mu da zuri'armu a kan tauhidi, Ya sa mu zama maƙwabta nagari, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Masu tambaya ko ƙarin bayani, ƙofar wannan zaure a buɗe take. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.